Ƙaramin Ƙahon Kazimir

Irena Dombroski ba ta ce musu su zauna ba. Ta bar su a tsaye a ɗakin ƙasa, tsakanin injin wanki da ƙahonin mijinta guda biyu na tagulla.

Mista Halvorsen, shugaban makaɗan garin, ya zo neman aro. A kiɗan da za su yi ƙarshen wata akwai wurin da kowa zai yi shiru, ƙaho ɗaya ya yi magana shi kaɗai. Babbar tubar ƙungiya, uwar ƙahonin tagulla, ta yi kauri da yawa, in an kai ta sama sai ta shaƙe. Shi ne ya zo su gwada na marigayi Kazimir, su zaɓi wanda ya dace. Ya taho da sabuwar mabushiyarsu, Noreen, doguwar mace mai kusan shekara talatin. Tun shigowarta idonta na ƙasa.

"Aro?" in ji Irena. "Kun ari mijina Talata da Alhamis tun muna amare, a akwati kuka maido mini shi. Yanzu kuma ƙahonsa."

"Talata kaɗai muke taruwa, Misis Dombroski. Ai mu..."

"Kada ka koya mini kwanakin gidana."



Ita ba ta san karatun kiɗa ba, na jarida ma da ƙyar, amma ta san abin da ke hannunta. Babban ƙahon kowa na iya busa shi. Ƙaramin kuwa sai mai shi. Injin masana'antar gilashi ya cinye wa Kazimir yatsu biyu na hannun dama yana saurayi, sai ya sa maƙeri ya mayar da maɓallai biyu ɓangaren hagu. Duk wanda ya saba da ƙaho na yau da kullum, ya ɗauki wannan, sai ya koma ɗan koyo. Ta sha ganin manyan mabusa sun ajiye shi suna tarin kunya.

Ita da Kazimir ba su haihu ba. Shi ya ce gida ɗaya ba zai ɗauki kukan jariri da na ƙaho ba, ita kuma ta yarda. Ta yi ta goge tagulla kamar mai yi wa yaro wanka, har ta tsufa.

Noreen ta fara da babban. Ƙasa-ƙasa ya yi daɗi, har murfin injin wanki ya yi rawa. Da ta hau sama sai muryar ta tsage. Halvorsen ya girgiza kai, ya saci kallon ƙaramin.

Irena ta ga kallon, ta gyara tsayuwa.

"Ga sharaɗina. Ta busa wurin nan da ƙaramin sau ɗaya, ba tsayawa, ba sake farawa. In ta kai ƙarshe, ba aro ba, na ba ta har abada. In ta yi tuntuɓe, ku fita, kuma a kowace takardar wasanku ku riƙa buga sunan mijina a sama da naka."

"Haba, Misis Dombroski, ko ni..."

"Kai ai sanda kake kaɗawa, me ka sani? 'Yan mata, kin yarda?"

Noreen ta gyaɗa kai.

Ba ta tambayi komai ba. Ta juya ƙaramin ƙahon ta zubar da ruwan da ya kwanta ciki, ta ɗora shi a cinya, hannun hagunta ya zagaya ya sami wurinsa.

Sautin ya fito a hankali, mai nauyi, kamar mutum yana hawa matakala da kaya a baya. Ya hau, ya ƙara hawa. Irena ta jira wurin da duk suke faɗuwa. Wurin ya zo, ya wuce. Ta dafa injin wanki. Rabon ɗakin nan da wannan murya tun da aka kwantar da Kazimir asibiti.

Aka gama. Halvorsen ya share ido da bayan hannu.

Irena ba ta taɓa janye magana ba, ba kuma yau za ta fara a gaban baƙi ba. Ta jawo akwatin ƙahon da ƙafa ta tura gaban yarinyar. A nan ne idonta ya sauka kan hannun dama na Noreen. Yatsu biyar ne cif, lafiyayyu, amma biyu na ƙarshe a naɗe suke cikin tafi, kamar babu su.

"Me ya sami yatsunki?"

Sai a lokacin Noreen ta ɗago ta dube ta.

"Babu komai. Ina ƙarama na ɗauka haka ake riƙewa, don haka nake ganin hannun Baba duk Alhamis ɗin da ya zo gida."