Tarin Baba

Shekara ashirin da wani abu ke nan ina hira da manya a gidan rediyo, mawaƙa da ƴan kokawa da depitoci na majalisa, ni da ko lakwal, makarantar boko, ban gama ba. Hirar da ta tsaya mini a rai kuwa ba ni na yi ta ba.

Ina ɗan shekara tara wani ɗan jarida ya zo garinmu, kusa da Bande, wajen ɗan kokawarmu da ya kayar da kowa a shekarar. Babana ne makaɗinsa tun ɗan kokawar yana yaro. Baba ya sa rigarsa ta Juma'a, ya gaya wa duk unguwa za a ji shi a rediyo. Bayan la'asar ya zauna bakin tabarma, ganga a cinya, yana jiran a zo kansa. Sai tari ya taso masa.

Ɗan jaridar ya tsayar da kaset, ko dubansa bai yi ba. Ya ce, "Tsoho, ɗan matsa can, tarinka yana shiga."

Ɗan kokawar ya sunkuyar da kai. Baba ya koma gindin gawo, ya cire hula ya toshe bakinsa da ita. Na bi shi na tsaya. Ya ce mini a hankali, "Yanzu za su kira ni."

Ba su kira shi ba.

Yau kaset ɗin muryoyin manya sun cika kwali a ɗakina, babu ta Baba. Maganar nan ta "ɗan matsa can" kuma ban san tsoho nawa na gaya wa ita da bakina ba. In tari ya shiga kaset, ni ake yi wa faɗa a gidan rediyo.