Shukar da Lebona Ya Tuge

Lebona bai iya zance ba, aiki ya iya. Ranar da ya ƙudura neman auren Ntsoaki, sai ya saɓi fartanya ya shiga lambunta a garin Mafeteng tun tana kamfanin ɗinki. Ya nome ko'ina fes, har da wata shuka mai ganyen kuɓewa da ta shekara a jikin bango ba ta tsinana komai ba.

Da ta dawo, ta daɗe tsaye kan tulin ciyawar.

"Lebona, wa ya aike ka?"

"Babu. Na ga aiki ya yi miki yawa ne. Kuma ina da magana."

"Holihok ne ka tuge. Shekarar farko ganye kawai yake yi, a ta biyu yake fure. Mahaifiyata ta shuka shi kafin ta rasu. A bana nake sa ran ganinsa."

Ya ja bargon da ya yafa ya rufe baki, ya rasa inda zai ajiye idonsa.

"Bari in tafi."

"Ka tafi ina, sarkin noma? Ka yi ɓarna ka bar ni da gyara?" Ta tsuguna ta tsinto 'yan tsirarun da saiwarsu ba ta karye ba. "Ba ya son dashe. Da wuya ya kama."

"In bai kama ba fa?"

Sai a lokacin ta dube shi.

"Sai ka haɗiye maganarka. In ya kama, turo kawunnanka."

Lebona ya durƙusa ya soma tonon ƙasa da yatsu.

"Ina bokitin ruwa?" ya ce, kansa a sunkuye.