Zuciyar Baba Ta Ƙi Tsayawa

Tun da hantsi Baba ya cika, amma zuciyar roba, irin wadda ake dasa wa dattawa yanzu, tana ta bugawa a cikin likkafaninsa. Liman ya ce shi kam ba zai sallaci gawar da ƙirjinta ke motsi ba.

Tanimu, babban ɗan mamacin, ya faɗa ofishin masu ƙera ta ko sallama babu.

"Ku zo ku kashe abarku! Jama'a na zaune a rana, kabari na jira!"

Injiniyan ya sunkuyar da kai. "Malam, ka yi haƙuri, ba ta da maɓallin kashewa. Mun ƙera ta ne don kada ta taɓa tsayawa."

Tanimu ya daki tebur. "Duk karatun nan naku, ba wanda ya gaya muku mutum yana mutuwa?"