Jakar Baba Dakta

Kwalbar ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba. Baba Dakta ya zaro ta daga firjin ƙarshe, mai jan tambari da hoton ƙoƙon kai, ya jefa ta cikin tsohuwar jakarsa ta fata, tsakanin tabarau da kwalin maganin hawan jini. Ko zif ɗin bai ja ba.

A cibiyar nan ake tsare ƙwayoyin cututtukan da idan ɗaya ta faɗa hannun ɗan ta'adda, gari guda sai ya koma maƙabarta. Shi ya sa kwamitin ƙasa da ƙasa mai sa ido kan makamai masu ƙwayoyin cuta ya sauka a garin cikin makon nan. Sun kuma faɗa ba ɓoye-ɓoye: ko tsinke ya fita daga ginin ba bisa ƙa'ida ba, za a garƙame shi, a kwashe ƙwayoyin zuwa wata ƙasa, ma'aikata kowa ya kama gabansa.

Baba ya san wannan sarai. Shi ya kafa wurin tun yana ɗaki biyu da janareto mai tari irin na tsofaffi. Da ya yi ritaya, agogon bango aka ba shi da tafi, shi ke nan, aka kashe katinsa na buɗe ƙofa tun bai kai gida ba.

Mai kula da ɗakin sanyi ce ta buɗe masa da nata katin. Doka ta ce ba a shiga da jaka, ba a kuma barin mutum shi kaɗai a ciki. Amma ɗalibarsa ce, shi ya koya mata yadda ake riƙe allura, don haka ta tsaya a waje ta juya baya, wai kada ya ce tana sa masa ido. Da ya fito ta rusuna, idonta a kan takalminta.

Ya ja ya tsaya. "Akwai magana ne?"

"Dama tambaya zan yi, Baba."

"Yi."

"Yaya ƙafar Inna?"

Ka ji fa, ƙafar matarsa ce damuwarta! Ya yi tsaki ya wuce, ita kuma ta bi shi da Allah ya ƙara sauƙi.

Akwai ƙofar baya, ta fi kusa da inda ake ajiye motoci. Baba bai bi ta nan ba, ya miƙe zuwa babban zaure, inda aka girke injin duba kaya, wanda manyan ƙasashe suka aiko da shi, aka yanka kirtani har da masu ɗaukar hoto. A gaban injin wata mai shara ce tsaye, an zazzage mata jaka har da kwanon abincinta, mai injin yana daka mata tsawa kamar ita ta ƙirƙiro annoba.

Yana ganin Baba sai ya miƙe zumbur, ya janye igiyar gefe.

"Ta nan, ranka ya daɗe. Wa ni in saka jakarka a inji? Ai sai a ce ban samu tarbiyya ba."

Gumi ya jiƙa wuyan rigar Baba. Ya ɗora jakar a kan teburin, bakinta a wangale, ya cire hula yana fifita. Jan murfin kwalbar ga shi nan a fili, makaho ma sai ya lalubo shi. Mai injin ya leƙa, ya girgiza kai cikin tausayi.

"Har yanzu hawan jinin nan, Baba? Ka rage gishiri, wallahi."

Baba ya fizgi jakarsa. Da ya buɗe baki a lokacin, da har kakannin mutumin sun ji a jikinsu.

Saura babbar ƙofa. Rana ta take, tsakar gidan ta yi masa tsawo kamar ba ta ƙarewa. A can Dogo mai gadi yake, tsohon soja, mutumin da ya taɓa sa mataimakin shugaban cibiyar ya cire takalmi a gaban baƙi. Ba ya dariya, ba ya karɓar ko goron gaisuwa.

"Tsaya nan!"

Muryar ta daki Baba a ƙirji. Dogo ya taho da gudu, ya damƙe jakar, ya raba shi da ita. Baba ya lumshe ido, ya saki wani dogon numfashi.

"Haba Baba! Ina raye ka ɗauki kaya da hannunka? Ga ta ma a buɗe, sai wani abu ya faɗi."

Ya ja zif ɗin ya rufe ta ruf. Ya rungume ta kamar jaririya, ya tsallaka ƙofa da ita, ya raka Baba har gindin wata farar mota da ke jira a inuwa, ya buɗe masa, ya ɗora masa jakar a cinya, ya ƙame ya sara masa.

Matar da ke zaune a kujerar baya ta jira har Dogo ya koma bakin aikinsa, sannan ta miƙo hannu. Baba ya damƙa mata kwalbar, ko kallonta bai yi ba.

"Ba wanda ya tsayar da kai?"

"Sun tsayar da ni mana," ya ce. "Sun tambayi lafiyar gidana kaf."

Matar, wadda ita ce shugabar kwamitin, ta mayar da kwalbar ruwan gishirin da ta sa aka ajiye a firjin don gwaji cikin aljihu, ta ɗaga waya ta ce a kawo kwaɗo a garƙame cibiyar. Baba kuwa, wanda jiya ya bugi ƙirji a gabanta ya ce ta gwada da shi kansa, yaran da ya horar ko ubansu ba za su bari ya wuce ba, ya kifa fuskarsa a kan jakar.