Kyanwa a Cikin Rumbu

Shekarar da ruwa ya ƙi sauka a Turba, ni kaɗai ce bakin rumbu ke ɗauka. Da la'asar Baba ya zura ni ciki in sharo ragowar gero. Shi ne abincinmu na ranar.

Ina dira, kyanwarmu ta yi tsalle ta kafa mini haƙora a hannu. Shekara uku tana kwana a ƙafafuna, ko yaƙushi ba ta taɓa yi mini ba. Na yi ihu, Baba ya jawo ni waje, jini na zuba. Ya ɗauko taɓarya.

"Ta haukace. Za ni kashe ta kafin ta ciji wani."

Inna ta riƙe taɓaryar, sannan ta hau tsani ta leƙa. Kwana tara ke nan da binne ƙanena, wanda ya rasu don nononta ya ƙafe. Ta daɗe tana kallo.

"Malam, 'ya'yanta ne a ciki, uku. Duk sun mutu, ga warin nan."

"To mi take tsaro?"

"Ta san sun mutu. Ba ta gama da su ba ne. A bar mata rumbun yau."

Baba ya ajiye taɓarya. Inna ta yagi bakin zanenta ta ɗaure mini hannu. Ruwa muka sha muka kwanta.

Tabon yana nan har yau. Ni ma na binne biyu nawa, kuma ban taɓa gaggauta wata uwa ta yi haƙuri ba.