Farin Yadin Iya Yelwa

Ranar Laraba, ana yayyafi a Daura, na buɗe adakar kakata, Iya Yelwa, na tarar da farin yadi a ƙasa. Kafin la'asar na yanka shi, na ɗinka wa tsofaffin kujerunmu riguna.

Na tsokane ta: "Matar, zo ki ga aikin mijinki."

Ta zauna, ta shafa yadin.

"Ya yi kyau, Sharu. Likkafanina ne, a Makka na wanke shi da zamzam. Saura ka haƙa ramin."

Bayan kwana tara ta rasu, aka binne ta da yadin kasuwa. Masu ta'aziyya suka zauna a kan nata, suna yaba ɗinkin.

Asarar ke nan: yadi goma, kaka ɗaya, da yafiyar da ban samu ba.