Kiyashi a Kejin Simsim

Kiyashin sun dawo. Nagwa ta hango su tun daga ƙofar kicin, layi guda siriri, sun taso daga gindin bango sun haye har cikin kejin Simsim.

Ta sunkuya ta tsinci guntun gurasar da ya faɗi ƙarƙashin tebur, ta sumbace shi, ta kai shi goshi, ta ɗora a sama inda ƙafa ba za ta taka ni'imar Allah ba. Hamdi, mijinta, yana da tantabaru a saman bene, ai zai kwashe musu, ba abin da ke kwana. Idonta bai bar layin kiyashin ba.

Simsim hamsta ne, ɗan ɓeran nan mai kumatu da ake kiwo a gida. Kawun Basant, 'yar Nagwa, ne ya kawo wa yarinyar shi ranar da ta haddace izu biyu. Yarinyar shekararta tara, kuma ko makaranta ba ta fita sai ta yi masa sallama. Yanzu kunnensa ya kumbura saboda cizo, yana ta susa har gashin wuyansa ya fara tsigewa.

Maganin feshi ba zai yiwu ba, zai kashe shi kafin ya kashe su. Nagwa ta wanke kejin da khal, ruwan tsamin nan na girki. Ta canza garin katako. Ta barbaɗa kirfa a gefen kantar da kejin ke kai, ta ja layi da alli, ta toshe ramin bango da sabulu. Kwana biyu lafiya, sai ga su nan kuma. Har a sallah sai ta ji kamar wani abu na tafiya a tsintsiyar hannunta.

Ranar da ta kife kejin gaba ɗaya ne ta gani. A kusurwa, can ƙarƙashin garin katako, gutsattsarin gurasa ne jibge, duk sun danƙare da zumar rake. Mutum ɗaya ne a gidan ke dangwala gurasa a zumar rake kowace safiya.

"Wallahi Mama ban ba shi ba," in ji Basant.

"Kar ki rantse min a kan ɓera. Shi ya sauka ya je layin gurasa da kansa?"

Hamdi, yana kurɓar shayi, ya ce, "Ƙila ya yi katin tallafin gwamnati, Ummu Basant. Kin san yanzu kowa na da hanya."

Ba wadda ta yi dariya. Nagwa ta ce in ta sake ganin ko ɓurɓushi a kejin nan, Simsim ya bar gidan.

Ta fara tsayawa a kan yarinyar har ta gama karin kumallo. Ta duba aljihun rigar makaranta, ta duba tafin hannu. Basant na ci da sauri, tana zubarwa kamar kullum, ta miƙe ba ta ko kalli uwar ba. Bayan fitarta Nagwa ta share, ta tsince, ta gyara, zuciyarta na kai da komo.

Ran Alhamis ta sa hannu a kusurwar. Gurasa, sabuwa, da kiyashi baƙi ƙirin a kai.

Kiyashin ba su dame ta kamar rantsuwar ba. Ita da ta koya wa kanta karatu da girmanta don ta riƙa zaunar da 'yar nan tana karanta mata tarihin Annabawa, yau ga 'yar tana kallon tsabar idonta tana ambaton sunan Allah a kan ƙarya.

Bayan sallar Juma'a Hamdi ya ɗauki kejin ya nufi kasuwar Juma'a, inda masu tsuntsaye ke saye. Basant ba ta yi kuka ba. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Allah dai ya gani, Mama," ta shige ɗaki. Da yamma ba ta fito karatu ba.

Washegari Nagwa ta share kicin ita kaɗai. Ta tsinci guntun gurasa mai zuma a ƙarƙashin kujerar Basant, ta sumbata, ta kai goshi, ta miƙa hannu sama don ta ɗora a kan kantar. Yatsanta ya taɓa wani abu. Na jiya ne, yana nan, kiyashi sun lulluɓe shi.

"Abu Basant, ka manta gurasar tantabaru jiya."

"Wace gurasa?" ya amsa daga falo. "Tantabaruna masara suke ci. Ni ban taɓa ɗaukar komai a kantar nan ba."

Ta ja kujera ta hau, ta leƙa. Ga shatin kejin nan a kan katako, ga gurasar a gefensa, tazarar ɗan yatsa, daidai inda hannun Simsim ke kaiwa ta tsakanin wayoyi, kuma daidai inda hannunta ke ajiyewa kowace safiya.